Wasiƙar Narayi: Tsoho Ya Koma Makarantar Wikipedia

Zuwa ga Edita,

Ga ni yau na dawo filin da ka saba ba ni. Mako uku ke nan ba ku ji ɗuriyata ba, har wani aboki ya aiko daga Zariya yana tambaya ko lafiya. Lafiya lau, alhamdu lillahi. Makaranta na koma, da furfurata da tabarau, kuma malamar da ta ɗora mini karatu yarinya ce wadda ni na koya mata riƙon fensir da hannuna. Labarin wannan makaranta na ke so in ba ku, domin ina ganin akwai wani aiki da ke jiran irinmu, mu kuwa muna zaune gindin bishiya muna zargin zamani.

Mafarin abin shi ne, ran nan da dare jikana yana aikin gida da aka ba su a makaranta, sai na ji yana karanta wani abu da ƙarfi daga wayar ubansa. Na kasa kunne, na ji kalmomin dai na Hausa ne, amma maganar ba ta Hausa ba ce, sai ka ce Bature ne aka sa wa riga da hula aka tura shi kasuwa. Na ce, "Kai, wa ya rubuta wannan?" Ya ce, "Wikipedia ce, Kaka." Gari na wayewa na kai ƙara wurin 'yar maƙwabcina, wadda ta gama jami'a, na ce mata yara suna haddace ɓatacciyar Hausa, ba kuwa wanda zai tsawata. Ta saurare ni har na gama, sa'an nan ta ce, "Baba, ai wannan littafi ba shi da mai gadi a ƙofa. Kai ma in ka so, yau ɗin nan sai ka gyara." Kunya ta kama ni, don na tafi neman wanda zan ɗora wa laifi, na komo da kaya a kaina.

Saboda waɗanda ba su san ta ba, bari in ɗan yi bayani. Wikipedia kundin sani ne, watau abin da a ke kira insakulofidiya, wanda ke cikin intanet, ana karanta shi kyauta, kuma ko wa yana iya sa hannu ya rubuta. Waɗansu mutanen Amurka biyu, Jimmy Wales da Larry Sanger, su suka buɗe ta ran 15 ga Janairu 2001. A 2003 aka kafa wata gidauniya mai suna Wikimedia don ta riƙe injunan da ke ɗauke da ita, amma ba ita ke rubuta abin da ke ciki ba, masu sa kai ne ke yi, ba a biyansu ko anini. Kalmar wiki kuwa daga harshen mutanen tsibiran Hawai aka aro ta, ma'anarta sauri. Ana yin Wikipedia cikin harsuna fiye da 300, ko wane harshe da nasa kundi da nasa ma'aikata. Ta Turanci ta wuce muƙala 6,000,000 tun cikin Janairu 2020. Ta Hausa ba ta kama ƙafarta ba ko kusa, amma ita ce yaranmu ke buɗewa in malami ya ba su aiki, ita ce kuma injunan fassara da masu ba da amsa ke kwasa suna koyon harshenmu daga gare ta. Abin da aka zuba cikin wannan rijiya, shi jikokinmu za su ɗebo.

Darasin farko, sai ta sa na buɗe rajista da sunan aro, ta ce ba tilas ba ne mutum ya sa sunansa na yanka. Sa'an nan ta kai ni wani shafi nawa na kaina, na gwaji, inda mutum zai yi ta jagwalgwalo ba wanda zai ce masa don me. Wannan shi ne allo, muƙala kuwa ita ce takarda. Yaro ba ya fara rubutu a takarda sai hannunsa ya faɗa a allo, haka nan ma a nan.

Hanyar gyara iri biyu ce. Akwai ta sauƙi, wadda aka shigo da ita a 2013, inda ka ke ganin shafin kamar yadda mai karatu zai gan shi, ka taɓa kalma ka sake ta, ka danna wata alama ta yi kauri. Akwai kuma ta asali, wadda ta Hausa ke kira gyara masomin, inda za ka ga rubutun tsirara, da dukan alamomin da ke riƙe da shi, kamar a juya maka bayan ɗinkin riga ka ga zare. Malamata ta ce in tsaya ga ta sauƙi, na ƙi. Wanda ya yi shekaru yana duba littattafan yara ba ya yarda da amsa sai ya ga yadda aka yi lissafin.

To, ga abin da na tarar. Ɗan waƙafin nan na sama, wanda mu ke sawa a 'ya'ya da sa'a, in ka jera shi uku gaban kalma, uku bayanta, sai kalmar ta fito da kauri. In biyu biyu ne, sai ta fito a kishingiɗe. In kana son kan magana, sai ka sa alamar daidai ta lissafi, biyu nan biyu can, kamar haka: == Tarihi ==. In ƙaramin kai ne a ƙarƙashin babba, sai uku uku. Amma abin da ya fi burge ni duka shi ne mahaɗi. In ka rubuta [[Kaduna]] cikin baka mai kusurwa, biyu gaba biyu baya, sai kalmar ta koma shuɗiya, wanda ya taɓa ta duk sai ya faɗa cikin muƙalar Kaduna. In kuwa ba wanda ya rubuta muƙalar tukuna, sai kalmar ta fito ja. Na gwada sunayen garuruwa da malamai da sana'o'i iri iri, ina duban wanne zai yi shuɗi wanne zai yi ja, har aka kira magariba ban sani ba. Ko wace jar kalma kuwa kango ce da ke jiran magini. Sauran alamomi, irin baka mai lanƙwasa da ke kawo akwatin bayani a gefen shafi, da rukunin da a ke jefa muƙala ciki daga ƙasa, waɗannan kwana biyu sun isa mutum ya iya su.

Inda na sha wuya shi ne haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ. Wayata ba ta da su, sai da yarinyar ta sa mini allon rubutu na Hausa. Waɗansu su kan ce wai ba kome, mai karatu zai gane. Ni ban yarda ba. Baki dabam, baƙi dabam. Wanda ya ce ya ɓata littafi, da wanda ya ce ya ba ta littafi, ba magana ɗaya suka yi ba. Magabatanmu na boko sun sha wahala kafin haruffan nan su zauna. Da su aka buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara a Zariya cikin Janairu 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, a zamanin da sai an zuba ko wane harafi da darma. Yau da taɓa yatsa kawai ya isa, ba mu da hujjar zubar da su. Ga kuma wata wahala da ban zata ba: injin ba ya ɗaukar k da ƙ harafi ɗaya, saboda haka mutum biyu suna iya rubuta muƙala biyu a kan abu ɗaya, wannan da ƙugiya wancan babu, ko wa bai san da ɗan'uwansa ba. Maganin wannan shi ne a haɗe su, a mai da ɗayan suna ya zama mai nuna hanya, wanda ya neme shi ya tura shi ga na daidai. Haka kuma mu a Nijeriya mu kan rubuta 'yan da waƙafin sama, 'yan'uwanmu na Nijar su kan rubuta ƴan da ƙugiya. Da ya ke waƙafin nan shi ne kuma alamar kauri da kishingiɗa, in kalmomi irin wannan suka taru cikin layi guda aka so a kishingiɗar da su, wani lokaci rubutun ya kan rikice. Saboda haka kada ka wallafa kome sai ka danna wurin dubawa ka ga yadda zai fito.

Da hannuna ya faɗa, sai na ce bari in gwada da unguwarmu. Na fara a allona kamar yadda na saba fara wasiƙa, na ce Narayi unguwa ce mai albarka, mai mutanen kirki, wadda baƙo ba ya kwana da yunwa cikinta. Malamata ta karanta, ta rufe baki tana dariya, ta ce, "Baba, wannan ai kirari ne." Ta share duka. Muka rubuta cewa Narayi unguwa ce a kudancin birnin Kaduna, hayin kogi, kusa da Barnawa, cikin Ƙaramar Hukumar Chikun wadda hedkwatarta ke Kujama, a Jihar Kaduna. Sunan Narayi da kauri, Kaduna da Chikun da Kujama cikin baka. Shi ke nan. Na ce mata wannan magana ba gishiri. Ta ce wanda ke Maraɗi ko Kumasi, bai taɓa jin sunan wurin ba, abin da ya ke bukata da farko shi ne mene ne, kuma ina ya ke. Da na yi tunani na ga gaskiyarta. Ka'idar ita ce jimlar farko ta faɗi abin da a ke magana a kai, sakin layin farko ya taƙaita muƙalar duka, sa'an nan sassa su biyo baya ko wanne da kansa, a rufe da Manazarta. Ba sallama, ba addu'a, ba "ni a ganina." Ga mai irin alƙalamina wannan azumi ne mai tsanani.

Yanzu na zo kan abin da ya ɓata mini rai, wanda kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa. Akwai wani dattijo Bagwari, ko Gbagyi kamar yadda su ke kiran kansu, Allah ya yi masa rasuwa, wanda na daɗe ina zama da shi. Ya sha ba ni labarin yadda wannan yanki ya ke kafin gidaje su cinye gonaki, inda a ke ɗiban ruwa, da hanyar da a ke bi a kai kaya kasuwa. Na zauna dare guda na rubuta abin da na riƙe daga bakinsa, na sa shi cikin wata muƙala da ta shafi kudancin Kaduna, na kwanta ina jin na sauke amana. Da safe na buɗe, wayam, babu ko harafi. Wani wanda ban san shi ba, ban san garinsu ba, ya kwashe duka, ya bar 'yar magana cewa ba madogara.

Wallahi na fusata. Na mayar, ya sake cirewa. Na ɗaga yatsa zan mayar na biyu sai ga malamata. Ta ce, "Baba, tsaya. Wannan shi a ke kira yaƙin gyara, a Wikipedia ta Turanci ma wanda ya mayar fiye da sau 3 cikin awa 24 toshe shi a ke yi." Ta nuna mini shafin tarihi, inda ko wane gyara ke ajiye da sunan mai yinsa da ranar da sa'ar, na ga rubutuna yana nan bai ɓace ba, an dai sauke shi ne daga fuskar muƙala. Ta kuma nuna mini shafin tattaunawa, wanda ke bayan ko wace muƙala kamar zaure, inda ma'aikata ke yin shawara, in mutum ya gama maganarsa ya sa alamar nan mai kama da igiyar ruwa guda 4, ita ce sa hannunsa. Na rubuta ƙorafina da ladabi. Mutumin ya amsa da ladabin da ya fi nawa, ya ce bai ƙaryata ni ba, bai kuma ƙaryata dattijon ba, amma mai karatu ba shi da hanyar da zai bi ya tabbatar.

Na kwana biyu ina juya maganar. Ya ku malamai, ashe abin nan ba baƙo ba ne gare mu. Malaman Hadisi ba su karɓi magana don daɗinta ba, sai sun tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji, har silsilar ta kai tushe. Wannan isnadi ne aka yi masa sabuwar riga. Ko wace magana mai nauyi cikin muƙala, a kan maƙala mata 'yar lamba a ƙarshenta, lambar ta kai ka ƙasan shafi inda aka rubuta sunan littafi, da mawallafi, da shekara, da lambar shafi. In ba haka ba, kundin da ko wa ke iya rubutu cikinsa, me zai hana maƙaryaci ya ce shi ma daga bakin dattijo ya ji? Da ni da shi duk sunan aro ne a fuskar waya.

Duk da haka ba zan ɓoye muku ba, dokar nan tana da tsada a kanmu fiye da Turawa. Su ƙauyen da bai kai Narayi ba ma an rubuta littafi a kansa. Mu kuwa yawancin saninmu yana cikin ƙirjin tsofaffi, kullum kuwa ana binne su. An rubuta cewa Gwamna Lugga ya zaɓi Kaduna, an kuma taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan a 1917, wannan ko wane littafi ya faɗa. Amma mutanen da aka tarar a wurin, su wa ya rubuta nasu? A 2011 an gwada wata dabara a Indiya da Afirka ta Kudu, ta ɗaukar maganar dattawa a faifai a mai da ita madogara, amma ba ta zama doka a Wikipedia ta Turanci ba. Abin da na gano dai shi ne, Wikipedia rumbu ce, ba gona ba. Sai an noma a wani wuri, an girbe, kana a kawo mata. Labarin dattijona sai ya fara fita a jarida ko mujalla ko littafin bincike, inda edita zai tace shi, sa'an nan wani ya ɗauko ya kafa hujja da shi. Ga Gidan Arewa nan a Kaduna, tsohon gidan Sardauna, ga kuma ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, ba su fi kuɗin mota ɗaya ko biyu daga ƙofar gidana ba, amma sai da wani baƙo ya share mini rubutu kana na tuna da hanyarsu.

Akwai wata doka kuma wadda mu mutanen Kaduna ya kamata mu fi ko wa riƙe ta, ita ce rashin ɗaukar gefe. Duk wanda ya zauna garin nan ya san abin da ya auku cikin Fabrairu 2000, da kuma Nuwamba 2002, ya san yadda bayan nan mutane suka yi ta ƙaura, waɗansu suka haye kogi arewa, waɗansu kudu, har maƙwabtan shekara da shekaru suka rabu. Muƙalar da ta taɓo wannan, ɗan Tudun Wada zai karanta ta, ɗan Sabon Tasha zai karanta ta, ko wannensu kuwa da wanda ya rasa. Mai rubutu ba shi da iko ya ce waɗannan su ne azzalumai. Abin da zai yi shi ne ya faɗi abin da ya tabbata, inda aka saɓa kuwa ya ce wane ya ce kaza, wane ya ce kaza, ko wanne da madogararsa. Na gwada sakin layi ɗaya a allona, na kai wa wani maƙwabcina wanda addininmu ba ɗaya ba, na ce ya nuna mini kalmar da ta soke shi. Ya nuna guda biyu, waɗanda ni ban ko ji kaifinsu ba. Na sake su.

Game da ɓatacciyar Hausar da ta tashe ni tun farko kuwa, na gano inda ta ke fitowa. Akwai injin fassara da ke taimakon mai juya muƙala daga Turanci. Injin ba laifi gare shi ba in an ɗauke shi ɗan aike, laifin na wanda ya karɓi saƙonsa ne ya wallafa bai karanta ba, don ɗokin a ce ya yi muƙala ɗari. Turawa suna da kalma ɗaya ga gaɓar kogi da gidan ajiyar kuɗi, to, na taɓa cin karo da garin da aka ce wai yana kan bankin kogi. Kada ku ce wannan abin dariya ne kurum. Cikin Agusta 2020 aka gano cewa wani saurayi ɗan Amurka, wanda bai iya harshen Sukot na mutanen Sukotlan ba, ya rubuta muƙala fiye da 20,000 cikin Wikipedia ta wannan harshe, yana ɗaukar Turanci yana sauya masa haruffa. Da kyakkyawar niyya ya yi, amma ya shekara da shekaru yana yi ba wanda ya lura, don masu harshen ba su leƙa. Mu ma in malamai da akawuna suka tsaya daga nesa, ba abin da zai hana irin wannan ya same mu.

Saboda haka ni yanzu na rage buri. Ba na buɗe sabuwar muƙala. Kullum bayan la'asar na kan ɗauki guda ɗaya wadda wani ya fassara, in karanta ta da ƙarfi kamar yadda jikana ya yi, duk inda harshena ya yi tuntuɓe in gyara, in sa ƙugiya inda ta faɗi, in duba ƙamus na Bargery na 1934 in na yi shakkar kalma, sa'an nan in rubuta cikin ɗan akwatin taƙaitawa abin da na taɓa, don na baya ya sani. Abu biyu kawai aka gargaɗe ni a kansu, ni ma ina gargaɗinku: kada a kwafo rubutun jarida ko littafi kalma da kalma, sai a karanta a faɗa da bakin kai, kada kuma a ɗora hoton da ba kai ka ɗauka ba sai mai shi ya yarje wa duniya.

Ina da roƙo ga masu karatu. Duk wanda ke da tsohuwar jarida, ko littafi, ko kundin binciken ɗalibi, wanda ya ambaci Narayi, ko Barnawa, ko Kakuri, ko ƙauyukan Gbagyi na kudancin kogin Kaduna, ya taimaka ya aiko da sunan littafin da shekararsa da lambar shafi ta hannun Edita. Labarin dattijona kuwa, in Edita ya yarda ya ƙara mini fili, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu, kamar yadda na ji shi.

Haza wassalam.

Naku,
Tsohon Malami, Narayi, Kaduna.